Daga Yaƙin Zabuwa Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira

A Zangonmu na Tamale, kamar sauran zangunan ƙasar nan, da sana'a ake sanin mutum. Akwai gidan mahauta, akwai gidan 'yan goro, akwai na wanzamai da na malamai, kuma da an ce ɗan gidan wane, to an gama bayani. Ni kuwa shekara talatin ke nan da ɗoriya ina wani aiki wanda ba shi da suna a bakin mutanenmu. Da fari tafinta ake ce mini, daga baya aka koma cewa mutumin ƙungiyoyi, yanzu kuma yaran unguwa sun laƙaba mini Baba Kwamfuta, alhali kuwa ko wayata ce ta rikice sai na nemi ɗaya daga cikinsu. Abin da takardun aikina suka nuna shi ne na yi aikin sulhu, na yi aikin raya karkara tare da ƙungiyoyin ƙasashen waje, sa'an nan a 'yan shekarun nan ina cikin masu duba ɗa'ar aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau manhajojin kwamfuta da ake koya wa yanke hukunci daga tarin bayanai. Wanda ya ji zai ce sana'a uku ce. A wurina kuwa hanya ɗaya ce na biyo, kuma ina so in bayyana wa masu karatu dalili, musamman matasanmu da ke neman inda za su dosa.

Sanin kowa ne cewa a ƙarshen watan Janairu na 1994 wata gardama ta tashi a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, tsakanin wani Bakonkombe da wani Banunumbe a kan cinikin zabuwa. Kafin mako ya zagayo wuta ta kama ƙasar Nanumba, ta tsallaka ƙasar Dagomba da ta Gwanja. Gwamnatin Rawlings ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu, ta turo soja. Ƙididdigar da aka fi ambata ta ce mutanen da suka rasu ba su kasa 2,000 ba, ƙauyuka fiye da 400 aka ƙone, kuma sama da mutum 150,000 suka bar gidajensu. Jaridun kudu da na waje suka sa wa abin suna Yaƙin Zabuwa, sunan da har gobe yake ba ni haushi, domin kuwa yana sa mai ji ya ɗauka mutanen arewa mahaukata ne masu kashe juna a kan tsuntsu.

Ai ruwa ba ya tsami banza. Tun zamanin Turawa aka sa ƙabilu irin su Konkomba da Nawuri da Nchumuru a ƙarƙashin manyan sarakunan Dagomba da Nanumba da Gwanja, kuma maganar mallakar ƙasa ta bi maganar sarauta. An gwabza a Bimbilla a 1981, an gwabza a wajen Kpandai a 1991 da 1992, kuma a 1993 Konkomba suka kai takardar neman a ba su babbar sarauta tasu ta kansu. Watanni kafin a harba bindigar farko jita-jita ta riga ta gama gari, a tasha da kasuwa da bakin famfo. Kalmar da ta fi yawo ita ce cewa Konkomba baƙi ne, daga Togo suka zo. Da dattawanmu na Zango suka ji wannan kalma sai jikinsu ya yi sanyi, don sun san ta. Ita ce aka faɗa mana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi mutanen da kakanninsu suka zauna Salaga tun kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa su zuwa Kete-Krachi da Yendi da sauran garuruwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa.

Ina saurayi a lokacin, ina jin Hausa da Dagbanci da Turanci, ga kuma Hausa ita ce harshen da mutane da dama na ɓangarorin suke iya haɗuwa a kansa saboda kasuwa, ba kuma harshen ɗayansu ba ne balle wani ya ji an fifita abokin gabarsa. Ta haka wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni tafinta wajen rabon masara da barguna. A nan na fara ganin ƙarfin takardar sunaye. Wanda sunansa ya shiga ya ci, wanda bai shiga ba ya kwana da yunwa, kuma mai riƙe da alƙalami ya fi mai riƙe da buhu iko. Matan da mazajensu suka mutu su ne suka fi faɗuwa daga takarda, saboda tambayar farko ita ce wane ne maigida. Mutanen da suka ɓuya a daji maimakon su zo makarantun da aka tara 'yan gudun hijira, su kam a wurin takarda kamar ba a haife su ba.

Gwamnati ta kafa kwamitin sulhu nata, kuma a watan Yuni na 1994 shugabanni suka sa hannu a kan tsagaita wuta. A watan Maris na 1995 faɗa ya sake ɓarkewa a wajen Bimbilla. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a arewa, waɗanda suka ga rijiyoyin da suka haƙa da makarantun da suka gina sun zama toka, suka haɗa kai suka gayyato wata ƙungiyar sulhu daga Nairobi. Jagoranta wani malami ne ɗan Habasha, Hizkias Assefa, kuma cikin 'yan ƙasa da suka yi aiki da shi akwai Emmanuel Bombande, mutumin Bawku, wanda a 1998 shi da Sam Doe na Laberiya suka kafa ƙungiyar WANEP mai aikin wanzar da zaman lafiya a Afirka ta Yamma.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya lura, domin duk abin da na yi a rayuwata daga baya a kan wannan ya ginu. Mutanen nan ba su fara da kiran taro ba. Sai da suka bi ƙauyukan da aka ƙone ɗaya bayan ɗaya, suna zama a gindin bishiya suna saurare, suna kuma lura da waɗanda in sun yi magana jama'arsu kan yi shiru, ko suna da rawani ko ba su da shi. Irin waɗannan aka ɗebo kaɗan-kaɗan daga kowace ƙabila aka kai Kumasi a 1995, nesa da hayaniyar gida. Aka zauna, aka watse, aka koma gida aka ba da labari, aka sake dawowa da ƙarin mutane, har da masu zafin kai waɗanda da farko ba wanda zai yarda ya haɗa ɗaki da su. Da aka samu daftarin yarjejeniya a farkon 1996, ba a sa hannu nan take ba. Aka ce kowa ya ɗauki takardar ya kai gida, a karanta wa jama'a cikin harshensu, a ji abin da za su ce. Sai bayan wannan, a ƙarshen watan Maris na 1996, wakilan ƙabilu bakwai suka koma Kumasi domin rattaba hannu. Ko a nan ba a yi ƙaryar cewa komai ya warware ba, don maganar Nawuri da Gwanja a kan Kpandai an bar ta a buɗe. To amma babban yaƙi irin na 1994 bai sake dawowa ba.

Ni ban shiga ɗakin Kumasi ba, ƙaramin ma'aikaci ne ni. Rabona shi ne tafinta a wasu daga tarurrukan ƙauye inda ake kai bayani. A ɗaya daga ciki wani tsoho ya ɗaga sandarsa ya tsayar da ni, ya ce, "Ɗana, maimaita. Ka ce mai ƙasa ko mai noman ƙasa?" Na ce, "Baba, yadda aka faɗa haka na juya." Ya ce, "To koma ka tambayo su, don a tsakanin kalmomin nan biyu aka binne 'ya'yana." Taro ya tsaya cik har aka warware masa. Ba wanda ya ce tsoho yana ɓata mana lokaci, kuma motar da za ta mayar da mu Tamale haka ta jira har bayan la'asar.

Rikicin Dagbon kuwa, masu karatu na Tamale ba su bukatar dogon bayani. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi tare da mutane da dama, muka shiga dokar hana fita har zuwa 2004. Kwamitin manyan sarakuna uku, watau Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu da Nayiri da Yagbonwura, shi ya yi ta fama da gidan Abudu da gidan Andani, kuma sai a watan Janairu na 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu. Kusan shekara goma sha bakwai. Duk wanda ya ce maka yana da tsarin sulhu na wata shida, ka tambaye shi ko ya taɓa zuwa Yendi.

Ana cikin haka na koma ɓangaren raya karkara, don a nan albashi yake. Tamale ta cika da allunan ƙungiyoyi da fararen motoci, har ana mana ba'a cewa mu ne hedkwatarsu. Masu zagin wannan aiki gaba ɗaya ba su yi adalci ba. A 1989 an ƙirga masu ciwon kurkunu kusan 180,000 a Gana, kuma duk wanda ya tashi a arewa ya san yadda manomi kan kwanta da ƙafa a kumbure daidai lokacin shuka. A 2010 aka ga na ƙarshe, a yankin Savelugu, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar nan. An samu kuɗi da dabara daga waje, musamman daga cibiyar Jimmy Carter, amma waɗanda suka ci yaƙin su ne 'yan sa-kai na ƙauyuka, masu bi gida-gida da ƙyallen tace ruwa da ɗan littafin rubuta sunaye, waɗanda suka san wa ya je wane tafki. A gefe guda kuma mun ga hukumar SADA da aikinta na kiwon zabi da dashen itatuwa, wanda ya zama abin ka-ce-na-ce a 2013 da 2014. Zabuwa dai ba ta da sa'a da mu.

Abin da ya fi damuna a shekarun nan shi ne takardar tambayoyi. Don a gane wa ya cancanci tallafi, sai a zo da jerin tambayoyi: da me aka yi rufin ɗakinka, kana da rediyo, mutum nawa ne a gidan. Kowace amsa da makinta, a tara, a ja layi. A wani aiki da aka yi a cikin gari, wata gwauruwa mai sayar da koko da ƙosai, mai riƙon marayu huɗu, ta faɗi a bayan layi saboda rufin kwano da wutar lantarki. Ɗakin haya ne a gidan da iyali takwas ke zaune, wutar ma ta maƙwabci ce aka ja mata. Wanda ya tsara tambayoyin yana tunanin gidan ƙauye mai maigida ɗaya, bai taɓa shiga gidan haya na Zango ba. Sai dai a wancan lokaci akwai inda za a kai kuka. Ta samu limamin unguwa, liman ya samu ma'aikaci, ma'aikaci ya je ya gani da idonsa, aka gyara. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne abin da ke neman ɓacewa.

Yadda kwamfuta ta shigo cikin maganar ba wani abin mamaki ba ne. Bi gida-gida yana cin kuɗi da lokaci, ga kuma waya a hannun jama'a, ga hotunan tauraron ɗan'adam. A 2020, lokacin annobar korona, maƙwabtanmu na Togo suka ƙaddamar da tallafin Novissi ta wayar hannu, daga baya suka haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masana na jami'ar Berkeley ta Amurka. Da hotunan sama aka zaɓi yankunan da suka fi talauci, sa'an nan aka koya wa kwamfuta ta yi hasashen talaucin mutum daga yadda yake aiki da wayarsa, kamar yawan kiransa da irin katin da yake sa wa. Masanan sun buga sakamakon a mujallar Nature a 2022, kuma sun faɗi gaskiya: tsarin ya rage tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari in an gwada shi da zaɓe ta yanki kawai, amma da a ce akwai cikakkiyar rajistar gidaje, da ita ta fi shi, don a kanta ya ƙara kuskuren da kashi 9 zuwa 35. Watau dabara ce ta gaggawa, kuma ta ciyar da mutane da yawa cikin ɗan lokaci. Ban raina ta ba ko kaɗan.

To amma a ɗauko wannan dabara a kawo ta nan, a tambayi kai wa za ta gani. Matan karkara nawa ne wayar da suke kira da ita ta miji ce ko ta ɗa? Tsofaffi nawa ne layinsu da sunan jika aka yi masa rajista? A Togo sai mai katin zaɓe ne ya iya shiga shirin. A nan kuwa tun daga 2021 aka ɗaure layin waya da katin ɗan ƙasa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mutanen Zango da Fulani da dama sun koka a kan tambayoyin asali da ake musu a wajen yin katin, don kawai sunansu ko harshensu. Wanda aka hana kati ya rasa layi, wanda ya rasa layi ba ya cikin bayanan da kwamfuta za ta koya daga gare su, kuma in ta tsallake shi babu limamin da zai je ya yi mata magana. Takardar sunayen 1994 ce ta dawo, sai dai yanzu ba a ganin mai riƙe da alƙalamin.

Wadda ta fara buɗe wa duniya ido a kan irin wannan 'yar asalin ƙasar nan ce, Joy Buolamwini, wadda ta yi karatu a cibiyar MIT ta Amurka. Ita da Timnit Gebru 'yar asalin Habasha suka gwada manhajoji uku na manyan kamfanoni masu duba fuska su faɗi ko namiji ne ko mace, suka buga sakamako a 2018. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. Ba wanda ya zauna ya ce a ƙi baƙar mace. Hotunan da aka koya wa na'urar da su ne akasari na farare, ita kuma abin da aka nuna mata shi ta sani.

Haka abin yake ga harshe, kuma a nan ne tsohon aikina na sulhu ya sake tarar da ni. Jita-jitar da ta ɗauki watanni tana yawo a 1993, yau a cikin sa'a ɗaya za ta gama Tamale da Yendi da Bawku ta saƙon murya a WhatsApp. Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2018 Facebook ya zama makami wajen yaɗa ƙiyayya ga 'yan Rohingya a Myanmar, inda fiye da mutum 700,000 suka tsere. A wannan shekarar BBC ta nuna yadda hotunan ƙarya suka rura wutar kashe-kashe a jihar Filato ta Nijeriya. Kamfanonin sun dogara da na'ura ta tace musu miyagun kalamai, na'urar kuwa Turanci ta fi ji. Ɗan abin da ta sani na Hausa daga rubutun Kano da gidajen rediyon waje ta koya. Hausarmu ta Zango, wadda ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba, wadda ta sha Dagbanci da Tuwi da Turanci, baƙuwa ce a wurinta. Balle habaici da zambo, inda za a kira ƙabila guda da sunan wata dabba ko wani abinci, kowa a gari ya gane, na'ura kuwa ta ga maganar kasuwa ce. Daɗin daɗawa yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta. A tuna abin da saƙo ɗaya da muryar wani sarki ko babban malami zai iya haddasawa a daren da gari ke ɗar-ɗar.

Akwai kuma masu cewa za su hango rikici kafin ya faru. Wannan ba sabon buri ba ne, don WANEP da ƙungiyar ECOWAS sun daɗe da tsarin gargaɗin farko, inda masu sa ido na cikin al'umma ke aika rahoto. Sabon abu shi ne a tara rahotannin jaridu da na intanet a ba kwamfuta ta zana taswira, nan ja, nan kore. Tambayata kullum ita ce wa ya rubuta rahotannin. Ƙauyen da ba ɗan jarida ba ya fitowa a taswira ko da ana mutuwa. Unguwar da 'yan sanda suka fi kai samame ita za ta fi yawan rahoto, sai ta yi ja, sai a ƙara kai mata samame. Mu da aka daɗe ana kiran unguwanninmu matattarar ɓata-gari mun san inda wannan zai ƙare. Tun da rikicin masu iƙirarin jihadi ya matso kan iyakarmu da Burkina Faso, kalmar Bafulatani ta fara zama tuhuma a bakin wasu, har a watan Yuli na 2023 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga Gana ta daina mayar da 'yan Burkina masu neman mafaka. Na'urar da ta koyi karatu daga irin wannan yanayi, zargin za ta maimaita, ta kuma sa masa rigar lissafi.

To me nake yi a zahiri? Ba na rubuta manhaja. Ana kirana ne in zauna da masu shirin kawo irin waɗannan na'urori cikin aikin agaji ko na zaman lafiya, in yi musu tambayoyi kafin a fara. Daga ina bayanan suka fito, kuma masu su sun sani? Wa ba ya ciki? In na'ura ta yi kuskure a kan wata tsohuwa a Karaga ko Gushegu, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa, da wane harshe, kuma wa ke da ikon soke hukuncin? In aikin ya ƙare, a hannun wa sunayen za su kwana? Dokar kare bayanai ta 2012 tana nan, amma mutum nawa ne a Aboabo suka san da ita? Wani saurayi injiniya, yaro mai ladabi da ƙoƙari, ya taɓa ce mini, "Baba, ai tsarin namu yana daidai sau 90 cikin 100." Na ce, "Madalla, ɗana. Goman nan da suka rage, a warwatse suke ko kuwa duk 'yan unguwa ɗaya ne?" Ya koma ya duba. Da ya dawo bai ce komai ba, sai ya jawo kujera kusa da ni.

Takardun ƙa'ida kam akwai su. A watan Nuwamba na 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da shawarwari a kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, kuma a watan Yuli na 2024 a nan Ankara, babban birninmu, majalisar zartarwa ta Tarayyar Afirka ta amince da tsarin nahiyar baki ɗaya. Tun 2019 ma kamfanin Google ya buɗe cibiyar bincikensa ta farko a Afirka a kan wannan fanni a Ankara. Na karanta takardun, maganganun da ke ciki masu kyau ne. Sai dai a idona sun fi kama da tsagaita wutar Yuni 1994 fiye da yarjejeniyar Kumasi. Manya sun sa hannu, ba a kai takardar gida ba. Ban taɓa jin an tara masu sayar da hatsi ko direbobin tasha ko makiyaya an karanta musu cikin Hausa ko Dagbanci ko Fulatanci ba, balle wani tsoho ya ɗaga sanda ya ce a maimaita. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a ɗauka ina gaba da na'urar. Duk shekara idan aka buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, gonaki da gidaje na bakin Farin Volta kan nutse, kuma wanda ya ga ambaliyar 2007 ba zai raina manhajar da za ta ba manomi gargaɗin kwana biyu ko uku ba. Irin wannan aiki ba ya raba mutane gida biyu, masu ci da marasa ci. Inda nake taka birki shi ne wurin da na'ura za ta yi hukunci a kan mutum.

Abin ya ƙara tsanani daga 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Gwamnatinmu da kanta ta ce giɓin da aka bari ya kai dala miliyan 156, kuma a Tamale mun ga abin da idonmu: ofisoshi a kulle, direbobi da ma'aikatan fili a gida. Idan kuɗi ya ragu, wanda ake fara sallama shi ne mai hawa babur ya je ƙauye, sai a ce manhaja za ta maye gurbinsa. Shi kuwa shi ne kunnen aikin. Wannan ma ya isa ya nuna wa matashi cewa sana'ar ba ta da tabbas irin na aikin gwamnati. Kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, wata rana a otal a Ankara, wata rana a zaune a gida ana jiran waya.

Duk da haka ina kwaɗaitar da 'ya'yanmu, maza da mata, su shigo. Jami'ar UDS da aka kafa a nan Tamale a 1992 tana tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka a matsayin wani ɓangare na karatu, kuma wannan zama ya fi darasin aji da yawa amfani ga mai son irin aikina. Akwai cibiyar Kofi Annan a Teshie ga mai son fannin zaman lafiya. Mai kan lissafi ya koyi lissafin sosai, don in ba ka gane yadda abin ke aiki ba za a rufe maka baki da manyan kalmomi. Amma babban jarin ɗan Zango yana da shi tun daga gida: ya tashi da harshe uku ko huɗu, ya san zama da kowa, ya kuma san yadda ake ji in an tambaye ka daga ina ka zo a garin da aka binne kakanka. Maƙwabtanmu Dagomba sun riga mu motsawa, don matasansu sun sa Wikipedia ta Dagbanci ta tsaya da ƙafarta a 2021, suna ta rubuta garuruwansu da tarihinsu da kansu.

A kwanakin baya wasu masu bincike suka zo da bukatar ɗaukar muryoyin mutanen Zango, domin a koya wa na'ura irin Hausarmu. Na ce musu ni ba ni da ikon cewa to, sai mu je gaban dattawa. Aka zauna a zaure bayan sallar la'asar, na yi tafinta kamar yadda na saba. Dattawa suka tambayi inda za a ajiye muryoyin, da ko za a iya sayar da su ga wani, da ko mutum zai iya cewa a goge tasa in ya canza ra'ayi. Baƙin suka amsa biyu, suka ce ta ukun sai sun tuntuɓi ofishinsu. Wata Hajiya, shugabar mata masu sayar da hatsi, wadda ke zaune daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, gaya musu maganar mata daban take da ta maza, kuma ba a tambaye mu ba tukuna." Aka tsayar cewa za a rubuta sharuɗɗan da Hausa, a karanta a masallatai da wajen taron mata, sa'an nan a sake zama bayan an gama girbi. Baƙin sun so a gama a makon, don tikitinsu na komawa ya riga ya fita, amma sun karɓa. An ba ni aikin juya sharuɗɗan, kuma har yanzu ina kan shafi na biyu, ina neman kalmar da za ta bambanta wanda ya ba da aron muryarsa da wanda ya sayar da ita.